Tawul da daro

'Yan'uwa ku yi haƙuri rubutun nan zai ɗan yi tsawo, abin ya daɗe yana cina.

Mu a nan Kano in aka ce wane ya yi girma cikin bangaskiya me muke nufi? Yawanci wanda ya iya addu'a da ƙarfi, ya haddace ayoyi, baya fashin sujada, baikonsa da zakkarsa basa yankewa. Duk suna da kyau, ban raina ko ɗaya ba. Amma ni yanzu in ana maganar girma, gidan mutum nake so in leƙa, in ga wa yake tashi in yaro ya yi amai ƙarfe 2 na dare.

Shekara 14 ina cikin mawaƙa a majami'armu a Sabon Gari. Bara mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, muka ɗauko ta daga ƙauye, bayan an sallame mu daga asibiti ta zauna wurinmu a Brigade, ciki da falo, ga yara uku. Wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwon ya san aikin, sai an juya ta duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo, a ɗaga ta a yi mata wanka, a ba ta kunu a baki a hankali don kada ta shaƙe, a wanke zannuwa kullum, ga ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, ga zafin watan Afrilu babu wuta. Duk wannan matata ce take yi. Ni kuwa in na taso daga shago a Kantin Kwari sai in wuce koyon waƙa, gobe taron addu'a, jibi kwamiti, in dawo ƙarfe 9 in ce sannu da aiki, a raina ina jin aikin Allah nake yi.

Wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata, ƙungiyar matan majami'a, ce ta tsayar da ni a bakin ƙofa ranar da suka zo gaishe da Mama. Ta ce, "Ɗana, muryarka muna jin daɗinta ranar Lahadi, amma ka duba hannun matarka kuwa? Omo ya cinye shi. Uwar nan kai ta haifa fa." Na ce, "Mama na ji, na gode." Ban iya ƙara komai ba, daren nan ban yi barci ba.

Na buɗe Littafi Mai Tsarki, Yohanna sura 13, wurin da na sha karantawa lokacin Ista ban taɓa tsayawa a kai ba. Yesu ya tashi daga cin abinci, ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a daro ya shiga wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ke yi a wancan zamani, shi ya sa Bitrus ya ƙi da farko. Abin da ya fi taɓa ni, Yahuza, almajirin da ya ci amanarsa, yana cikinsu, kuma Ubangiji ya san abin da zai yi masa a daren. Ba a gaban taro aka yi ba, a ɗaki ne, cikin nasa. Sai kuma 1 Timoti 5:8 da ta ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya musunci bangaskiya. Magana ce mai nauyi sosai kuma mu maza bamu cika son a yi wa'azi a kanta ba.

Na san wani zai ce ai namiji shi ke nemo kuɗin magani, haka ne, nima da wannan na fake. Amma kuɗi baya juya mara lafiya, kuma ba daidai bane mace ta ɗauki jinyar surukarta ita kaɗai sannan a yaba wa ɗan. Hidimar da ake gani tana da sauƙi domin ana tafa maka, ta cikin gida ba mai cewa an gode, wani lokaci ma Mama faɗa take yi mini ina cikin goge mata jiki saboda ciwo ya sa ta saurin fushi, a nan na gane haƙurina kaɗan ne ƙwarai, duk da shekarun da na yi ina rera waƙar ƙauna.

Maƙwabciyarmu wata Hajiya ma ta koya mini abu, kusan kullum da safe sai ta aiko jikanta da kunun gyaɗa, ba ta taɓa jira a roƙa ba.

Na je na samu fasto na ce zan rage fita da dare, ya ce in je in kula da uwata, kujerata tana nan. Yanzu wankin zannuwa da juyin dare nawa ne, matata ta samu ta yi barci. Mama ta fara motsa yatsun hannun dama, ku sa ta cikin addu'a, ku sa matata ma.