Kaskon Iya da muka kife

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi tun shekaranjiya abin nan yake ci na a rai, da shi na kwana da shi na tashi, shi ne na ce bari dai in rubuta ko zuciyata za ta ɗan yi sanyi, ko kuma Allah Ya sa wani ya karanta ya gyara abin da ni na yi shekara da shekaru ina sakaci da shi.

Ranar Juma'a na je gida ƙauye gaida Inna. Kun dai san yadda hunturun bana yake, hazo ya rufe gari ruf, kukar bakin gari ma ba ka hango ta sai ka zo dab da ita, leɓe ya tsattsage, kaushi ya farfasa ƙafa, kowa ya ƙudundune. Asabar da asuba Inna ta sa aka ɗumama min ruwa a buta, na yi alwala a gindin darbejiyar tsakar gida na tafi masallaci, bayan an idar muka tsaya jin ɗumi da su Baba a ƙofar gida har rana ta fara leƙowa. Da na shigo sai na ga abin da ya tsayar da ni cak. Inda na yi alwalar nan ƙasa ta riga ta shanye ruwan, ɗan danshi ne kawai ya rage wanda bai fi faɗin faifai ba, amma tsuntsaye sun fi goma a kai, 'yan baiwar Allah ɗin nan jajaye da kurciya guda biyu, suna ta caccakar taɓo suna ɗaga kai sama. Da farko na zaci tsaba suka samu. Ashe danshin suke tsotsa. Sauran ruwan da na wanke ƙafata da shi, shi ne abin shansu na safe.

Ina tsaye ban gama wannan tunanin ba sai na ji fyuu, dutse ya wuce ta gefen kunnena. Ɗan yayana ne, yaro ɗan shekara tara, da danƙo a hannu. Ya samu kurciya ɗaya a ƙirji ta faɗi tana shure-shure, ya sheƙo da gudu yana murna, "Baffa ka gani! Baffa na samu!" Kafin a nemo wuƙa ta cika, ta zama mushe ke nan, ba ta ciyu ba, sai bola. Na ɗauke ta a hannuna jikinta da ɗumi, ga taɓo jiƙaƙƙe a bakinta. Wallahi har yanzu da nake rubutun nan bakin nan nake gani.

Kuma danƙon nan ni na ba shi kuɗinsa. Zuwana na baya ya ce Baffa ina son danƙo, na zaro kuɗi na miƙa masa ina dariya, ban tambaye shi me zai harba ba, ban gaya masa komai ba. To wa zan yi wa faɗa, shi ko ni?

Inna tana bakin murhu tana kallon mu, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ai tun da Iya ta rasu babu wanda ya ƙara zuba musu ruwa. Je ka bayan rumbu ka ga kaskonta." Na zagaya na same shi a kife, ƙura ta binne rabinsa, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Kaskon da na buɗi ido na tarar kakata tana wanke shi kullum bayan sallar asuba, ta cika shi da ruwa daga randa, ta watsa tsakin gero cikin tafin hannu ɗaya a gefensa, sannan ta koma kan buzunta da carbi. Baƙin Allah take ce musu. In muka zo da gudu muka kore su sai ta ce ku bar min baƙina su karya. Tsohuwar nan ba ta taɓa riƙe dubu goma tata ta kanta ba a saninmu, amma ba na tuna ranar da kaskon nan ya kwana a bushe. Shekara shida ke nan da rasuwarta, mu jikokinta masu albashi da manyan wayoyi muna shiga gidan muna fita, ko ɗaya cikinmu bai sunkuya ya juya shi ba.

Haba jama'a, me ya same mu ne? Yaushe zuciyarmu ta bushe haka?

Kowa a nan ya san hadisin wanda ya shayar da kare da huffinsa aka gafarta masa, mun haddace tun muna Islamiyya, mun san na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, in aka fara karantawa ma mu muke ƙarasawa. Amma sanin ya tsaya a baki. Ka sayi fiya wata ka sha rabi ka jefar da sauran a titi. Tankin gidanka ya cika yana ta ambaliya kana kwance kana danna waya ka ƙi tashi ka kashe injin. Ka wanke mota da bokiti huɗu. A yi biki a kwashe shinkafa faranti-faranti a juye a kwata. Duk wannan bai dame ka ba, amma ɗan ruwa cikin murfin tukunya don halittar da ba ta da bakin roƙonka, shi ne ya gagare ka. Ni ma ya gagare ni, da kaina na fara.

Kuma na san dalili, don na duba zuciyata na gani. Sadakar tsuntsu ba ta da godiya. Kurciya ba za ta ce Allah Ya saka da alheri Alhaji ba, ba za a ɗauki hoto a sa a Facebook ana ta kwamen ba, babu wanda zai ambaci sunanka a lasifika. Mun saba da alherin da ake gani, shi ya sa wanda ba a gani ya fita daga ranmu. Subhanallah.

Ku duba halin da suke ciki a wannan lokacin mana. A wajenmu nan arewa daga ruwan ƙarshe na wajen watan Oktoba sai kuma Mayu ko Yuni, wata bakwai ko fiye babu ɗigo ɗaya daga sama. Kududdufan bayan gari da suke sha sun ƙafe sun tsattsage, wasu ma an cike su an yanka filoti. Da can in kaka ta yi ana sussuka da shiƙa a fili, mata su tashi su bar ƙaiƙayi da tsaba a masussuka, tsuntsu ya yi wata biyu yana kiwo a wurin, yanzu inji ne yake casawa a ɗure a buhu a kulle a sito a rana ɗaya. Ciyawar dajin da suke tsintar 'ya'yanta, yara sun banka mata wuta saboda gafiya guda. Bishiyoyin da suke kwana a kai mun sare mun yi gawayi, har gawo ba mu bari ba, gawon da Allah Ya sa shi yake fitar da ganye a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe nasu, shi ne inuwar rani ga dabba da tsuntsu. Tsakar gida mun malale da siminti. To ina za su je? Ku tambayi kanku yaushe rabon da ku ga ungulu a mahauta, mu da muka tashi muna ganinsu jere a kan katanga. Sun tafi muna kallo, ba mu ko tambaya ba.

Akwai ma waɗanda baƙi ne na gaske. Mutanen Hadeja da Nguru da Gashuwa sun sani, duk lokacin sanyi tsuntsaye suna tasowa tun daga ƙasashen Turai in ƙanƙara ta rufe musu abinci, su ƙetare teku su ƙetare hamadar Sahara su sauka a fadamun nan, wajen Dagona a jihar Yobe, sai wajen watan Maris su juya. Ƙananan cikinsu ba duka suke tsayawa a fadama ba, wasu suna bazuwa cikin gonaki da bishiyoyin gari. Wato ɗan tsuntsun da ka gani a kan dangarka da ko cikin tafin hannu bai yi ba, mai yiwuwa ya yi tafiyar da kai ba ka taɓa yi ba ko a jirgi. Wanda Ya riƙe shi a sama duk tsawon wannan hanya Shi ne Ya sauke shi a ƙofar gidanka. Mu Hausawa da muke cewa baƙonka annabinka, sai mu tare shi da dutse?

Na san manoma za su ce malam kai ba ka san jan baki ba ne. Na san shi wallahi, na yi tsaron gero ina yaro da gwangwani da igiya tun safe har magariba, na ga yadda garke ɗaya yake sauka kamar hadari ya tashi ya bar zangarniya fayau, har gwamnati takan yi musu feshi da jirgin sama. Kare gonarka haƙƙinka ne, babu mai hana ka. Amma yanzu amfani yana rumbu. Kurciyar da ta zo shan ruwan alwala me ta ci maka? Kuma ko abin da tsuntsu ya ci a gona, Manzon Allah (SAW) ya gaya mana babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face an rubuta masa sadaka. Ana rubuta mana lada a kan abin da muke tsinewa, mu ba mu sani ba.

Iyaye, dan Allah maganar danƙon nan. Annabi (SAW) ya hana jifa da tsakuwa, ya ce ba ta farauta ba ta kashe maƙiyi, sai dai ta fasa ido ta karya haƙori, kuma a garinku na tabbata akwai wanda kuka sani da ido ɗaya saboda danƙo. Sahabbai ma da suka ɗauko 'ya'yan wata tsuntsuwa a hanyar tafiya ta zo tana kaɗa fukafukai, cewa ya yi wa ya tayar wa wannan hankali da 'ya'yanta, ku mayar mata. Mu kuma yaro ya hau bishiya ya kwaso sheƙa da 'ya'ya tsirara ko gashi ba su yi ba, ya ɗaure musu zare a ƙafa yana ja har su mutu, uwa tana daka uba yana jin rediyo, a ce ai yaro ne. Yaron da ya saba ganin rai yana fita a hannunsa yana dariya, gobe ƙaninsa zai tausaya wa ko matarsa? Ku zaunar da su ku gaya musu da daɗin baki. Ni da na zaunar da nawa na sa ya taɓa taɓon bakin kurciyar nan na ce ka san me ta zo yi, ƙishirwa take ji kamar yadda kake ji in ka dawo daga ƙwallo, wallahi sai ga hawaye. Yara ba mugaye ba ne, mu ne ba mu faɗa musu.

Abin nan fa babu tsada. Kasko ko tsohon faranti ko murfin roba, mara zurfi, ka sa ɗan dutse a tsakiya don ƙananan su samu wajen tsayawa kada su nutse. Ka ɗora shi a kan katanga ko ka rataye a reshe inda mage ba za ta yi musu kwanton ɓauna ba. Kullum ka zubar da na jiya ka ɗauraye ka sa sabo, kada ya yi gansakuka. Tsaki, dusa, gero, dawa, abin da ya zube wajen surfe, ya wadatar, amma banda abin da ya yi fumfuna ko mai gishiri da yaji. Masu kiwon kaji ku nisanta shi da akurki, ku raba musu mazubi, ba mu manta murar tsuntsayen da ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 da asarar da aka tafka ba. Na birni ma kada ka ce kai ba ka da rumbu, kana da taga ko baranda ko saman katanga.

'Yar uwa, ke da kike wanke shinkafa kullum kina tsince tsakuwa, ɗan abin da kike sharewa ki zuba a shara, dan Allah ki watsa musu. Ɗan uwa, ragowar ruwan butarka. Ka yi niyya ka kai ladan ga mahaifiyarka ko mahaifinka da suke kwance a ƙasa.

Kafin in taho na tono kaskon Iya na wanke shi da toka, gefensa ɗaya ya ɗan ɓalle amma yana riƙe ruwa. Na danƙa wa yaron nan aikin, shi ya miƙo min danƙon da kansa. Jiya da safe Inna ta kira ni ta ce tun kafin rana ta fito ya cika shi, kuma kurciya ɗaya ta zo ita kaɗai ta sha ta daɗe a kan darbejiya tana kuka. Na kasa ce mata komai, na kashe wayar.

Allah Ka yafe min. Allah Ka jiƙan Iya Ka shayar da ita daga Alkausara. Dan Allah dan Annabi, kai da ka karanta har nan, ajiye wayar nan ka je ka zuba ruwan yanzu, kada ka ce sai gobe.