Fitilun dare a Gombe: A haska hanya, a tausaya wa idon masu galahanga

Duk wanda ya san Gombe shekara goma baya, ya kuma zaga ta yanzu bayan sallar isha'i, ba sai an gaya masa an samu canji ba. Manyan tituna sun sha fitilu masu aiki da hasken rana, mai shayi da mai tsire suna kaiwa dare suna ciniki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya fi ƙarfin mutane da yawa, sai sola ta kutsa gidaje da masallatai da shaguna, daga Pantami zuwa Bolari har Tumfure. Ina cikin masu murna da wannan. Wanda ya taɓa ratsa lungu cikin duhu gabansa na faɗuwa kada ya yi kiciɓis da 'yan dabar Kalare, ba zai taɓa cewa a kashe fitila ba.

Sai dai irin fitilar da muke saye, da yadda muke kafa ta, suna azabtar da wasu bayin Allah da ba su da bakin kai ƙara. A gabansu akwai masu lalurar galahanga, wadda ake kira autism da Turanci, yara da manya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gyaran ba shi da tsada, kuma ba zai rage wa kowa tsaro ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da galahanga. Ko an ƙi yarda da lissafin Turawa, a leƙa unguwa za a gani: yaron da ba ya haɗa ido da mutane, wanda magana ta yi masa nauyi, wanda ke toshe kunne idan injin niƙa ya tashi. Mun fi lura da batun magana da mu'amala, amma akwai wani ɓangaren da iyaye suka fi kowa sani, wato yadda ƙara da haske da taɓi da wari ke isa ga yaron. A 2013, da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sabunta kundin da take gano lalurori da shi, ta sanya wannan cikin alamomin galahanga: ko dai abu ya yi wa mutum yawa fiye da kima, ko kuma ya ƙi jin sa yadda saura ke ji. Shi ya sa za ka ga wani yaron yana ƙura wa fitila ido ba ya gajiya, wani kuwa ko hango ta ya yi sai ya firgice. Ba duka suka zama ɗaya ba, kuma a kan kashi na biyun nake magana.

Sau da yawa idon lafiyarsa ƙalau. Ƙwaƙwalwa ce ba ta tace abin da ke shigowa yadda tamu ke yi. Ka tuna yadda kake ji idan ka fito daga ɗaki mai duhu ka faɗa ranar tsakiyar watan Maris: ka runtse ido, ka kare da hannu, kafin ka yi taku biyar ido ya saba. To shi wannan sabon ne ba ya zuwa da wuri ga wasunsu, wani lokaci ma ba ya zuwa sam.

Ɗan ƙanwata yana da shekara bakwai, kalmominsa ba su da yawa. Da zafin bazara ya matsa, kamar kowa sai suka koma kwana a tsakar gida. A daidai lokacin maƙwabcinsu ya ɗaura fitilar sola a saman katanga, irin mai jin motsi ɗin nan, wadda ke zama dishi-dishi, da kyanwa ko akuya ta gifta sai ta dallare gaba ɗaya. Kanta kuwa a miƙe yake, yana kallon tsakar gidansu. Duk sanda ta dallaro, yaron sai ya danne idanunsa da tafin hannu, ya dunƙule a kan tabarma yana jijjiga jiki yana ƙara, har ya kai ga buga kai da ƙasa. Kakarsa ta ce iska ce, aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi. Uwar ce ta lura cewa ranar da hadari ya hana batirin cika, fitilar ta mutu da wuri, yaron ya yi barcinsa har asuba.

Mijinta ya sallama wa maƙwabcin. "Alhaji, wata alfarma na zo nema, a kan fitilar nan ce."

"Haba Malam, fitilar ma? Ai don tsaronmu gaba ɗaya na saka ta."

"Wallahi mun sani, mun kuma gode. Ba kashewa za a yi ba, kanta kawai za a ɗan sunkuyar. Yaron nan ne ba ya iya barci."

Alhaji ya yi shiru, ya ce a kawo tsani. Aka sassauta noti, aka sunkuyar da kan fitilar ta kalli ƙofar gidansa, aka ɗaure guntun langa-langa ta gefen da ke fuskantar maƙwabta, aka danna rimot ta daina tsalle daga dishi-dishi zuwa dallarewa. Ko kuɗin kati ba a kashe ba. Ban raina addu'a ba, Allah Ya sani, amma addu'a ba ta hana a hau tsani.

Me ya sa fitilun yanzu suka fi na da cizo a ido? Tsoffin fitilun titi launin ruwan goro suke bayarwa. Na yanzu kuwa, masu ƙananan ƙwayaye da ake kira LED, farin haskensu daga shuɗi aka samo shi: ƙwaya ce mai ba da shuɗin haske, aka shafe ta da wani sinadari da ke juya wani ɓangarensa zuwa ɗorawa, haɗuwar biyun ta ba da fari. Ƙirƙirar wannan shuɗiyar ƙwaya ce ta sa wasu masana uku 'yan asalin Japan suka samu kyautar Nobel a 2014, kuma sun cancanta, domin ba don ita ba da ƙaramin batiri bai isa ya haska titi ba. Matsalar tana ga wadda muke zaɓa. A jikin kwalin yawancin fitilu akwai lamba da harafin K a ƙarshe. Idan ka ga 6500K, fari ne tas mai ratsin shuɗi, kuma shi ya cika kasuwa, saboda mai saye yana ganin wadda ta fi kashe ido ita ce mai ƙarfi. Idan ka ga 2700K ko 3000K, hasken ya fi taushi, ya karkata zuwa ruwan ɗorawa.

Shuɗin nan ba ido kaɗai yake damu ba. Shi ne ya fi danne sinadarin melatonin, wanda jiki ke saki idan duhu ya yi don a ji barci. Yara masu galahanga kuwa dama da yawansu barci na ba su wahala, kowace uwa da ke riƙe da irinsu za ta ba ka labari. Yaron da bai yi barci ba gobe ba zai zaunu a aji ba, uwar da ta kwana riƙe da shi ba za ta moru ba, sai kuma a ce yaro ya cika rigima. Ga kuma ƙyaftawa: fitilu masu araha da yawa suna kunnuwa suna mutuwa da saurin da yawancinmu ba ma gani. Ka saita kyamarar wayarka a kan wasunsu, za ka ga layuka na gudu a fuskar wayar. Masu galahanga da suka iya bayyana abin da ke damunsu sun sha faɗin cewa irin wannan na sa musu ciwon kai da tashin hankali. Idan hazon hunturu ya sauko kuma, ƙura ta watsa hasken ko'ina, har a rasa inda za a kau da kai.

Kan titi ma haka. Masu Keke Napep da babura sun ɗaura wasu fararen fitilu da ba da su abin hawan ya zo ba, wasu har masu walƙiya ja da shuɗi, ga direbobin da ba su san a rage fitila idan an haɗu ba. Wannan aikin jami'an kiyaye haɗurra ne, su ma sun sani.

Na san abin da za a ce: tsaron gari gaba ɗaya ya fi damuwar 'yan tsiraru. Da zaɓin tsakanin haske da duhu ne, da na bi bayan masu wannan magana. Amma a tsaya a duba fitilar da aka kafa kanta a miƙe. Wani kaso na haskenta sama ya tafi, wani ya shiga tagogin mutane, wani ya doki idon mai tafiya. Idan haske ya doki ido, ƙwayar ido tsukewa take yi, sai duk abin da ke gefe ya ƙara duhu. Ɓarawon da ya raɓe a bayan irin wannan fitila ya fi wanda ke cikin farin wata samun mafaka, kowane maigadi ya san haka. Fitilar da aka yi wa hula, aka sunkuyar da ita ta kalli ƙasa, duk haskenta a kan hanya yake sauka. Tunda ba a ɓarnatar da shi, ana iya rage ƙarfinta, batiri ya kai asuba, maimakon abin da muke gani na fitilun da ke dallare gari da magariba su mutu a tsakar dare, daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. Kuma ba masu galahanga kaɗai za su huta ba. Akwai zabiya, waɗanda haske ke wahalar da idonsu tun haihuwa, akwai dattawa masu yanar ido da ke tuƙi da dare, akwai masu ciwon ɓarin kai.

Ba mu ne farkon shiga wannan ba. A 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta shawarci birane da kada fitilun titi su wuce 3000K, a yi musu kariya, a kuma rage su idan dare ya raba. Faransa ta mayar da irin wannan ƙa'ida doka a ƙarshen 2018. Mu kuma muna da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Da an ambaci dokar, abin da ke zuwa zukatanmu shi ne gangaren da keken guragu zai hau, kuma ko shi ba mu gama ba. Lalurar da ba a gani a ƙafa ko a hannu kuwa, ba ta ma shigo lissafi ba.

Iyaye na yin abin da za su iya: labule mai kauri, hular hana sallah idan za a fita, zaɓen hanyar da ba ta da fitilu masu walƙiya, barin wurin biki kafin mai kiɗa ya kunna nasa. Wasu kuwa sun daina fita da yaron da dare gaba ɗaya, har sallar tarawih, saboda farfajiyar masallacin ta koma kamar filin ƙwallo. Wannan na ƙarshen bai kamata ya zauna wa kwamitin kowane masallaci daidai ba. A bar sahu ɗaya ko kusurwa ɗaya da haske mai taushi, me zai rage?

Babban aikin dai yana hannun masu ba da kwangila. Fitilar sola ba ta dawwama, batirinta na gajiya cikin 'yan shekaru, ke nan waɗanda aka kafa a Gombe za su zo canji ko ba jima ko ba daɗe, ga sababbi da 'yan majalisa ke rabawa mazaɓu kowace shekara. A takardar kwangila ta gaba, ma'aikatar ayyuka da ƙananan hukumomi su rubuta cewa launi kada ya wuce 3000K a unguwannin da mutane ke kwana, kan fitilar ya kalli ƙasa da hularsa, kuma idan fitilar mai jin motsi ce ta riƙa ƙaruwa a hankali. Ɗan kwangilar da ya kawo saɓanin haka, a riƙe cikon kuɗinsa har sai ya canza.