Jikin Nan Aro Ne: Nasiha Ga Ƙannena Kan Tatu Da Huje-Huje

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwanakin baya, bayan an idar da sallar Magariba, wani matashi ya tsaya jirana har jama'a suka watse. Na daɗe ina lura da shi. Komai tsananin zafi ba ya rabuwa da riga mai dogon hannu, in kuma zai yi alwala sai ya koma can gefe inda babu ido. Ya ce, "Yaya, tambaya gare ni." Sai ya naɗe hannun rigarsa. Tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu zanen tatu ne, baƙi da ja. Duk inda jar tawadar ta bi ya tashi, ya yi kirci, ga sawun farce inda yake susa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Shekara biyu ke nan. Anya sallata tana karɓuwa kuwa?"

Da izininsa nake wannan rubutu, kuma zan zo kan amsar da na ba shi. Amma kafin amsar, ni ma tambaya na yi masa: allurar da aka yi maka aiki da ita, a gabanka aka ɓare ta? Ya yi shiru. Can ya ce su biyar suka je rana ɗaya, mutum ɗaya ya yi musu, ɗaya bayan ɗaya, tawadar ma a mazubi ɗaya take. Wallahi nan gabana ya faɗi.

Ƙannena, da yawanku kun ɗauka tatu zane ne a kan fata. A cikin fata yake. Injin da ake yi da shi yana caka allura ɗaruruwan sau, har dubbai, a minti ɗaya, ta keta fatar sama ta ajiye tawada a ta ƙasa, wajen zurfin milimita 1 zuwa 2, inda ƙananan jijiyoyin jini suke. Shi ya sa ake ta goge jini yayin da ake yi. Kowane caki ƙofa ce aka buɗe. Fatar nan kuwa Allah Ya yi ta ne katanga tsakaninka da cuta.

Abin da ya fi ba ni tsoro ciwon hanta ne, nau'in B da nau'in C. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, wasu miliyan 50 kuma da nau'in C, kuma a shekarar su biyun sun yi ajalin mutum miliyan 1.3. Mafi yawan masu ɗauke da shi ba su ma san suna da shi ba. To ka ga wanda ya tashi daga kujerar nan kafin ka zauna, lafiyayye kake ganinsa, shi ma lafiyayye yake ganin kansa. Ƙwayar nau'in B tana iya yin kwana 7 a raye a wajen jiki, cikin busasshen jinin da ido ba ya gani. Shafa wa allura sinadari da auduga ba ya wadatarwa. Kayan aiki irin waɗannan sai an turara su a tukunyar tururi irin ta asibiti, mai zafin digiri 121, ko kuma a yi aiki da su sau ɗaya a jefar. Ciwon hanta kuma mugu ne mai haƙuri. Yana iya kwantawa shekara ashirin, talatin, bai ce uffan ba. Sai ka yi aure, ka tara iyali, kana ganiyar neman na kanka, sannan ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, likita ya ce hanta ta lalace ko ta kamu da daji. Nau'in B yana iya wucewa ga matarka, daga ita ya wuce ga jariri wajen haihuwa. Me jaririn nan ya yi? Ta wannan hanya ta allura da jini ƙanjamau ma yana iya ratsowa.

Na san wani zai ce shi wurin ƙwararru zai je, inda komai sabo ne a leda. To saurara. A ƙarshen 2011 a birnin Rochester na jihar New York a Amurka, mutum 19 suka kamu da wata cutar fata mai wuyar magani bayan sun yi tatu. Da aka bincika, mai zanen yana kiyaye tsafta. Ƙwayar cutar a cikin tawadar take tun daga inda aka haɗa ta, har a kwalbar da ba a buɗe ba an same ta. Tarayyar Turai kuwa, tun daga Janairun 2022 ta taƙaita amfani da sinadarai sama da 4,000 a tawadar tatu saboda illarsu. Tawadar ma ba ta zama inda aka ajiye ta. Masu bincike sun gano ɓurɓushinta yana tafiya ya taru a kaluluwa, a hammata ko matsematsi, har wurin ya rine da launin zanen. Jar tawada ita ta fi tayar da borin fata, wani lokaci bayan shekaru, kamar yadda na gani a hannun yaron nan.

Yanzu maganar Ubangijin jikin. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, ya ce Allah Ya la'anci masu yin zanen nan da masu neman a yi musu, masu canza halittar Allah don neman kyau. Wata mata da ake kira Ummu Ya'aƙub ta zo ta ce ta karanta Alƙur'ani daga bango zuwa bango ba ta ga wannan ba. Ya ce da kin karanta da kyau da kin gani, ya karanto mata aya ta 7 a Suratul Hashri: abin da Manzo ya zo muku da shi ku riƙe shi, abin da ya hane ku ku hanu. Malamai sun ce hukuncin ya haɗa maza da mata. A Suratun Nisa'i aya ta 119 kuma, Allah Ya ba mu labarin rantsuwar Shaiɗan cewa zai umarci 'yan Adam su canza halittar Allah. Duk sanda na karanta ayar nan tare da ta Suratut Tin, inda Allah Ya ce Ya halicci mutum a mafi kyawun tsari, sai jikina ya yi sanyi. Wanda Ya tsara ka Ya ce ka yi kyau. Wa ya zo daga baya ya ce maka da saura? Hoton wani ɗan ƙwallo ko mawaƙi a waya, wanda bai san da zamanka ba, kuma ran da kake kwance a gadon asibiti ba zai leƙo ka ba.

Ke kuma ƙanwata, kada a ce na hana ado. Hujin kunne ga mace mafi yawan malamai sun halatta shi, matan sahabbai ma suna da 'yan kunne, har suka riƙa cirewa suna jefawa a tufar Bilal ranar Idi don sadaka. Lalle ma halal ne, a saman fata yake, yana gushewa. Sai dai ki yi hattara da baƙin da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi, yana ƙona fata ya bar tabo. Damuwata ita ce huda harshe, leɓe, gira, cibiya, da jera huji biyar shida a saman kunne.

Saman kunne guringuntsi ne, jini ba ya isarsa sosai, don haka hujin da a ƙasan kunne zai warke cikin mako 6 zuwa 8, a can sama yana iya ɗaukar watanni, har shekara. In ƙwayar cuta ta shiga, kunnen zai yi ja, ya yi zafi, ya tara mugunya, in aka yi sake guringuntsin ya narke kunnen ya tamuƙe har abada. Na'urar huda kunnen nan mai kama da bindiga, mai jikin roba, ba a iya turara ta. Hujin harshe kuwa yana kawo kumburin da kan iya toshe numfashi, ƙarfen yana gutsure haƙori, yana cinye dasashi, ƙwayoyin cutar baki kuma suna iya bin jini su sauka a zuciya.

Sannan ga tsiron naman nan da likitoci ke kira keloyid, wanda ya fi kama masu duhun fata, kuma ya fi fitowa daga shekara 10 zuwa 30, wato daidai shekarunku. Na san wata yarinya a dangi da ta ƙara huji na uku a ɓoye. Da farko ɗan ƙurji ne kamar ƙwayar gero. Cikin shekara guda ya zama dunƙulen nama mai sheƙi yana reto a bayan kunnenta, yana ƙaiƙayi, yana zugi in ta kwanta a kansa. Aka yanke, ya dawo ya fi na da girma, don haka halinsa yake. Yarinyar da ta yi huji don a kalle ta, yau ko a cikin mata ba ta yarda ta zame ɗankwali. Na ga hawayenta da idona, ba na fatan in sake ganin irinsa.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdullahi ɗan Amru, "Lalle jikinka yana da haƙƙi a kanka." Tirmizi kuma ya ruwaito cewa ƙafar bawa ba za ta gusa ba ranar ƙiyama sai an tambaye shi, a cikin tambayoyin har da jikinsa, a me ya ƙarar da shi. Ba a tambayar mutum yadda ya yi da abu sai in ajiya aka ba shi. Masu cewa "jikina ne, in yi yadda na ga dama", ku gaya min, ko gashi ɗaya kun halitta a cikinsa?

Iyaye da yayye, kalma ɗaya gare mu. Yaron nan shekara biyu yana ɓoye ciwo don tsoron tsinuwa. Zagi da kora ba sa warkar da hanta. In ɗanka ya riga ya yi, ka fara kai shi asibiti, faɗan ya biyo baya.

Amsar da na ba shi ita ce wadda na koya wurin malamai. Na ce tawadar tana ƙarƙashin fata, ba ta hana ruwa taɓa fata, alwalarka da wankanka sun inganta, kada Shaiɗan ya ci ribarka sau biyu, ya sa ka zane sannan ya raba ka da salla. Ka tuba tsakaninka da Allah, Shi Ya ce kada mu yanke ƙauna daga rahamarSa. Imam Nawawi ya ce in za a iya cire zanen ba tare da cutuwa ba a cire, in kuwa akwai tsoron cutuwa cirewar ba ta wajaba ba, tuba ta wadatar. Na gargaɗe shi kada ya kuskura ya ƙona wurin da batir ko wuta ko wani mai da ake tallatawa a intanet. Cirewa aikin likitan fata ne da hasken lesa, zama bayan zama na tsawon watanni, da zafi da tsada, kuma a fata mai duhu yana iya barin fari ko tabo. Na ce gobe ka je a gwada jininka, ciwon hanta B da C da ƙanjamau. In ba ka da B, akwai allurar rigakafinsa, ka karɓa. In C ne, yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12. Kuma ka kira abokan nan naka huɗu ka gaya musu su ma su je.

Ya je. Sakamakonsa ya fito lafiya, alhamdu lillahi, ya kuma fara rigakafin. Biyu daga cikin abokan sun bi shi. Sauran biyun har yanzu suna cewa ai ba abin da ke damunsu, yana dai ta binsu. Jiya da La'asar na hango shi a wurin alwala, cikin mutane, ya naɗe hannun rigarsa har sama yana wanke gwiwar hannu.