Wa ya aike ta? Baftismarta ce ta aike ta

To, madalla. Yarinya ta goge rubutunta, sai a zuba ruwa a ƙasa a sha. Iyayenmu da suka kwana suna tada jijiyar wuya a zauren WhatsApp na Ikilisiya yanzu sai su yi barci da minshari, an ceto Cocin Katolika daga hannun 'yar shekara ashirin da 'yan kai, wadda babban zunubinta shi ne ta gaya wa ƙawayenta da Hausa dalilin da ya sa muke shafa toka a goshi.

Wanda bai gani ba ya tambayi wanda ya gani. Ni abin da ya tsaya min a rai tambayar nan ce da wani babanmu ya jefa mata a bainar jama'a: "Wa ya aike ki? Ke Fada ce ko Sista?" Baba, da girmanka da furfurarka, Allah ya ƙara maka lafiya, baftismarta ce ta aike ta. Ruwan da aka zuba mata a ka shi aka zuba wa Fada, shi aka zuba wa Bishop.

Me ma ta rubuta da har ake wannan kumfar baki? Ranar Larabar Toka ta tafi wurin aiki da gicciyen toka a goshi, wata abokiyar aikinta ta miƙo mata hankici ta ce ta shafo gawayi. Da ta koma gida sai ta zauna ta yi bayani: tokar daga ganyen dabinon Lahadin Dabino na bara ake samunta, a ƙona shi a tankaɗe, Fada yana shafa maka yana tuna maka cewa daga ƙasa ka fito kuma ƙasa za ka koma, daga ranar ne ake shiga azumin kwana 40 kafin Ista, Juma'a kuma ba a cin nama. Shi ke nan. Ba ta taɓa addinin kowa ba, ba ta ce wani ya bar nasa ya zo nata ba. Ƙawayenta Musulmi har godiya suka yi mata, wata ta ce shekara da shekaru tana ganin abin, nauyin tambaya take ji. Na waje sun gode, na gida suka ɗauko bulala.

Wa ya aike ta? Ku buɗe kundin dokokin Ikilisiya na 1983, doka ta 211. Cewa ta yi kowane mai bi, ba Fada kaɗai ba, yana da hakki kuma yana da wajibi na yin aiki don saƙon ceto ya kai ga mutane. Wajibi fa, ba alfarma ba. Babban taron Vatican na biyu tun 1965 ya fitar da takarda guda sukutum kan aikin manzanci na waɗanda ba limamai ba. Shekara 60 ke nan da ɗoriya, amma da alama takardar tana hanya, ba ta iso unguwarmu ba, ko ɗan aiken ne ya tsaya shan fura. In kuma dokokin sun yi muku nisa, ga 1 Bitrus 3:15 nan a cikin Littafi Mai Tsarki da ke kan teburinku, inda aka ce mu zauna a shirye mu amsa wa duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da muke da shi, cikin tawali'u da ladabi. An tambaye ta, ta amsa, da ladabi kuwa. Ina laifin?

Wai za ta iya yin kuskure a koyarwa. To sai me? Ku gyara mata mana, ai amfanin babba ke nan. Ba ta ce da yawun Dayosis, wato yankin da Bishop ke jagoranta, take magana ba. Kuma a cikin masu wannan kukan, mutum nawa ne za a tsayar yanzu a ce su jero sakramenti bakwai ba tare da sun leƙa waya ba? Kada mu tona.

Wai tsaro. Wannan kam ba zan yi masa dariya ba. Na san abin da ya faru a Sakkwato a watan Mayun 2022, da aka kashe ɗaliba Deborah Samuel bisa zargin ɓatanci, ba sai an tuna min ba, duk uwar da ke da 'ya a makaranta ta san wannan fargabar. Amma faɗin abin da ka gaskata daban, taɓa abin da wani yake girmamawa daban, kuma yarinyar nan ta fi da yawa daga cikinmu sanin wannan iyaka. In tsoro ne a ce tsoro ne, a kira ta gefe a ce 'yata ki kula. Ba a tsaya gaban jama'a ana tambayarta wa ya aike ta ba.

Wai yarinya ce, kuma mace. Carlo Acutis yana da shekara 15 ya rasu a 2006, yaro ɗan Italiya da ya zauna gaban kwamfuta yana tattara labaran mu'ujizan Jibi Mai Tsarki yana sa wa duniya ta gani. A watan Satumban 2025 Fafaroma Leo na 14 ya ayyana shi cikin tsarkaka. Da a zaurenmu yake, da tuni an ce ya rufe kwamfuta ya je ya share harabar coci. Maganar mace kuwa, a cire Zumuntar Mata daga kowace Ikilisiya a Arewa na wata ɗaya tak, mu ga wanda zai rage a kan benci.

Abin da ya fi ba ni takaici, mun manta yadda bangaskiyar nan ta iso gidajenmu. Fadan farko sun sauka Shendam a 1907. Su nawa ne? A ƙauyukanmu na Malumfashi da Kafur Fada kan daɗe bai leƙo ba, musamman da damina in hanya ta yanke. Wa ke tara mutane ranar Lahadi a ƙarƙashin bishiya, ya koya wa yara katikisim, ya ja rosari, ya raka gawa? Katikis. Mutum mai mata da 'ya'ya da gona, ba rigar Fada a jikinsa, da keke da littafin addu'a wanda bangonsa ya cire aka ɗinke da zare. A 2023 da aka kafa Dayosis ɗin Katsina aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, duk mun yi anko mun yi guɗa, Bahaushe ya zama Bishop. Ɗan katikis ne, kuma fannin sadarwa ya karanta. Mun yi rawa a bikinsa, mun dawo muna toshe bakin 'ya'yanmu.

Kuma shirun namu ba ya hana a yi magana a kanmu. Kullum ana yi. Wani ya ce muna bauta wa Maryamu, wani ya ce gumaka muke durƙusa wa, har 'yan'uwanmu Kirista na wasu ɗariku suna faɗa. Wani ma bai yarda akwai Bahaushe Katolika ba, sai ya ce ka faɗi ainihin ƙabilarka. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mun bar wa wasu suna rera mana tamu, da muka samu mai rerawa kuma muka ce wa ya aike ta.

Ƙanwata, in kina karanta wannan, ki mayar da rubutunki. Ki nuna wa Fada in kina so, na tabbata ba zai hana ki ba. Ki yi na Makon Tsarki ma, mutane na son sanin dalilin wanke ƙafafu ranar Alhamis.

Tunda kuma maganar katikis ta taso, babur ɗin katikis ɗinmu tun kafin Kirsimeti yake jingine a bayan coci babu taya, bawan Allah da ƙafa yake zuwa ƙauyuka. An yi karo-karo a bikin godiyar kaka, ni ma na saka nawa. Wanda kuɗin ke hannunsa ya daure ya fito ranar Lahadi bayan sanarwa ya yi mana bayani, tunda shi dai mun san wanda ya aike shi.