Littafin bashin mai shago da alƙaluman Abuja

A ma'aunin masana, Najeriya ba ta cikin koma-bayan tattalin arziki. Sai abin da ƙasa ke samarwa ya ragu rubu'i biyu na shekara a jere kafin su kira shi da wannan suna, kamar yadda aka yi a 2016 da kuma 2020. A 2024 cewa aka yi tattalin arzikin ya ƙaru da sama da kashi 3 cikin 100, a 2025 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi ta sanar da cewa hauhawar farashi na sauka. Ban ce ƙarya suke yi ba. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo, kuma duk mai son sanin halin da Sakkwato ke ciki, zaman wuni ɗaya a bakin shagon unguwa a Mabera ko Runjin Sambo zai gaya masa abin da rahoton bai ƙunsa ba.

Abin da zai fara gani shi ne ma'auni ya ƙanƙance. Maigidan da ke sayen buhu a ƙarshen wata ya koma tiya, mai tiya ya koma rabi, mai rabi ya koma gwangwani. Man gyaɗa da manja sun bar kwalba sun shiga ƙullin leda, sukari da garin sabulu ma haka. Akwai zalunci a ɓoye cikin wannan, domin wanda ke saye da gwangwani, idan aka tara kuɗinsa na wata, ya fi mai sayen buhu biya da tsada. A tukunya kuwa awara da ganda sun gaje wurin nama a gidaje da yawa, kwaɗon zogale da rama da ake ci don marmari sun zama abincin rana. Mai shayi ma ya san da zancen: shayi ba madara, rabin burodi, ƙwai sai ranar da aka yi sa'a.

Daga nan sai littafin bashi. Kowane mai shago yana da shi, tsohon littafin makaranta da ya sha maiƙo, kuma a ganina ya fi kowane rahoto faɗin gaskiyar unguwa. A da ma'aikaci ne ke cewa "Malam, rubuta, sai ƙarshen wata", kuma ƙarshen watan na yi ana sharewa. Yanzu ana biyan rabi a ɗora sabo a kan saura. Shi kuma mai shagon tsaka mai wuya yake. Lokacin da farashi ke tashi kowane mako, katan ɗin taliyar da ya ba da bashi, ranar da kuɗinsa suka dawo ba za su sake sayen katan ba. Jarinsa na narkewa alhali lissafi na nuna masa riba. Shi ya sa za ka ga kanta an jera kwalaye, ka ɗaga ka ji babu komai ciki, an ajiye su ne don kada shago ya yi kama da wanda ya mutu. Daga bisani sai a manna takarda a ƙofa cewa ba a ba da bashi, wadda shi kansa mai shagon ya san ba zai iya aiki da ita a kan maƙwabcin da suke sahu ɗaya a masallaci ba.

Tushen abin ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar. Ga garin da kusan duk kayan kamfani sai sun yi doguwar tafiya a bayan tirela daga Legas ko Kano kafin su iso, kowane ƙarin kuɗin mai sai ya bayyana a kan teburin ɗan tireda.

Titi ma ya nuna. Motoci da dama an lulluɓe su a ƙofar gida, masu su sun koma babur. 'Yan kabu-kabu sun yi yawa a mahaɗar hanyoyi, fasinja sun yi ƙaranci, saboda wanda sana'arsa ta tsaya ya ɗauki babur, wanda ke hawa kuma ya koma tafiyar ƙasa, a garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Da dare unguwanni sun yi tsit. Wuta ba ta gyaru ba, janareto ne aka daina tayarwa.

Sai dai Sakkwato na da nata ciwon da ya sha bamban da na sauran jihohi, kuma nan ne nake ganin masu sharhi daga nesa ke kuskure. Garin nan da iyaka yake numfashi. Bayan juyin mulkin da ya kifar da Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, an rufe iyaka, ba a buɗe ta daga ɓangaren Najeriya ba sai Maris na 2024. Tsakanin Illela da Ƙwanni dangi ne, kasuwa ɗaya ce, dabbobi da wake na shigowa, kayan masarufi na fita. Watannin nan sun karya direbobi, 'yan dako, dillalai da masu sayar da abinci a tasha, kuma ba kowa ne ya miƙe ba bayan an buɗe. Ga kuma sefa: a da naira ce ke gaba, a 2024 sefa ɗaya ta haura naira biyu. Ragon da aka kawo daga ƙetare ya yi tsada, hatsinmu kuma ya zama araha ga mai riƙe da sefa.

Gabashin jihar kuwa, Sabon Birni, Isa, Rabah da Goronyo, inda ya kamata gero da albasa su riƙa fitowa, 'yan bindiga sun hana noma a ƙauyuka da yawa, wasu sai sun biya haraji kafin su shiga gonarsu. A Tangaza da Gudu ga 'yan ta'addan Lakurawa. Manomin da ya gudo birni an yi asararsa sau biyu: buhunan da zai kawo kasuwa babu su, shi kuma ya shiga layin masu saye da gwangwani, ko masu roƙo.

Wannan ya kawo ni ga alamar da ta fi tayar mini da hankali, wadda babu hukumar da ke auna ta. Tun kafin a cire tallafi, rahoton Hukumar Ƙididdiga na 2022 ya sa Sakkwato a gaba wajen talauci mai fuskoki da yawa, kusan kashi 91 cikin 100 na mutanen jihar. Abin da ya riƙe mutane duk da haka zumunci ne: ɗan'uwa mai albashi da ke ɗauke da gidaje uku, kwanon tuwo da ke tsallaka katanga, adashen mata, attajirin unguwa da ake sallama da shi da safe. Wannan igiya ce ke tsinkewa. Adashe na watsewa saboda zubi ya gagara. Almajiri na zagaye gida goma bai cika robarsa ba, domin babu saura a tukunya. Bayan sallame salla, wanda ke miƙewa neman taimako ba lallai makaho ko gurgu ba ne, dattijo ne da wankakkiyar riga, riƙe da takardar asibiti, muryarsa na rawa saboda bai saba ba. Wanda ake zuwa wurinsa shi ma ya fara kashe waya. Ko Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ya yi gargaɗi a taron sarakunan Arewa a Kaduna a Fabrairun 2024 cewa haƙurin da suke ba jama'a ya kusa ƙarewa.

Masu hali ma abin bai bar su ba. Kujerar Hajji da ke ƙasa da miliyan 3 a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025, har Najeriya ta kasa cike gurabenta 95,000. Layya ta koma haɗa kuɗi a sayi sa ɗaya, ko a haƙura. Yara na barin makarantun kuɗi zuwa na gwamnati, a kemis kuma ana sayen maganin kwana biyu a maimakon na kwana biyar, wanda likitoci suka daɗe suna cewa shi ke sa ƙwayar cuta ta daina jin magani.

Za a ce mini ai farashin hatsi ya sauka a 2025, kuma gaskiya ne. Gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake a 2024, kaya suka shigo, farashi ya karye. Mai saye a birni ya ɗan sarara. Amma a tambayi manomin da ya sayi taki da man ban-ruwa da tsada a fadamun Wurno da Kware, ya zo sayarwa ya tarar kuɗin bai mayar da abin da ya kashe ba. Idan ya rage gona a damina mai zuwa, arahar bana ce za ta haifi tsadar baɗi. Saukar alƙaluman hauhawa kuma ba ta nufin kaya sun koma yadda suke, gudun tashin ne kawai ya ragu, kuma wani ɓangare na saukar ya zo ne daga sauya tsarin lissafi da hukumar ta yi a Janairun 2025, lokacin da adadin ya faɗo daga kusan kashi 35 zuwa kusan 24 a wata ɗaya. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ya taimaki masu albashi, sai dai nawa ne masu albashi a jihar da galibin mutanenta manoma ne, makiyaya da 'yan tireda?

Tun da aka cire tallafi, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, don haka uzurin babu kuɗi ya ragu. Rabon shinkafa da ciyarwar azumi ba laifi ba ne, mai yunwa ba ya jiran dogon tsari. Amma buhun da aka raba kwana nawa zai yi a gidan mutum goma sha biyu? Da za a tambaye ni, kuɗin su fara zuwa inda abincin ke fitowa: tsaron da zai mayar da manomin Sabon Birni da Isa gonarsa, takin da zai isa hannun mai noma kafin ruwan farko ba tare da ya bi ta hannun ɗan siyasa ba, gyaran magudanan madatsar Goronyo, da rumbunan ajiyar albasa don kada manomi ya riƙa sayarwa a wulaƙance lokacin kaka saboda tsoron ruɓewa. Sannan jihar ta riƙa tattara farashin tiyar gero, shinkafa da wake a Tsohuwar Kasuwa da kasuwannin ƙananan hukumomi 23 kowane mako, tana karantawa a gidan rediyo, majalisar dokokin jiha kuma ta riƙa ajiye wannan takarda kusa da kasafin kuɗi duk lokacin da kwamishina ya zo kare abin da ya kashe.