Sabon kamfanin jirgin sama na ƙasa kuma? Mu fara tambayar me ya kashe Nigeria Airways

Wai wani marubuci ya ce mafita ga harkar jiragen sama a Najeriya kawai gwamnati ta sake kafa kamfanin jirgin sama na ƙasa, to ni dai ban gamsu ba wallahi. Nigeria Airways fa tun 1958 aka kafa shi, jirage masu tambarin giwa mai fukafukai, DC-10 da A310, suna zuwa Landan da New York da Jidda, amma zuwa 2003 bashi da rashin riƙo sun cinye shi, ma'aikatansa suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu. Aka kawo Virgin Nigeria a 2005, ya rikiɗe ya koma Air Nigeria, 2012 shi ma ya bi sahu. Na 2023 kam, wato Nigeria Air, abin kunya ne, jirgin kamfanin Ethiopian na Habasha aka shafa wa fenti aka kawo Abuja aka sha hoto ya koma gida. Kai mai cewa ai na Habasha ma na gwamnati ne, gaskiya ne, amma can ana barin ƙwararru su yi aikinsu, shi ya sa har Kano suke sauka. Kuma ba a ko ambaci kamfanonin jiragen 'yan kasuwa ba, Kabo Air da 747 ɗinsa na jigilar alhazai, Okada, Chanchangi, Albarka, duk ina suke yau? Man jirgi da kayan gyara duk da dala ake saye, tikiti kuwa da naira. Wa zai biya wannan giɓin idan an kafa sabon?