Gidan tarihin soja: wa ke ba da labarin?

Duk ƙasar da ta gina gidan tarihin sojojinta, ita ce ke zaɓar abin da za a jera cikin gilashi da abin da za a kulle a sito. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mai waƙar ba ya rera baitin da zai ba shi kunya. Don haka mai ziyara, bayan kallo, ya dinga tambayar kansa abin da ba a nuna masa ba.

Dubi gidan tarihin yaƙi na birnin Ho Chi Minh a Vietnam. A 1975 aka buɗe shi da sunan gidan baje kolin laifuffukan Amurka da 'yan korenta. A 1995, shekarar da ƙasashen biyu suka maido da hulɗar jakadanci, sai sunan ya yi laushi, ya koma gidan kayayyakin da yaƙi ya bari. Tankoki da jirage masu saukar ungulu na Amurka suna nan a farfajiya. Siyasa ce kawai ta juya.

Babbar matsalar ita ce makami yana da kwarjini. A ƙofar gidan tarihin yaƙi na Landan, wanda aka kafa a 1917 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, akwai manyan igwa biyu na jiragen ruwa. An goge su, an shafe su da fenti, yara na ta ɗaukar hoto a gindinsu. Ba ƙara, ba hayaƙi, balle kukan wanda harsashi ya faɗa wa gida. Yaro zai iya komawa yana ganin yaƙi abin burgewa ne.

Wasu za su ce ai wurin karrama 'yan mazan jiya ne, ba kotu ba. Da gaskiyarsu, wanda ya ba da ransa ya cancanci a tuna da shi. Sai dai lambar yabon janar ba ta faɗin halin da kurtu ya shiga kamar yadda wasiƙar da ya rubuta wa mahaifiyarsa za ta faɗa.

Jamusawa sun gane wannan. Da suka sake buɗe gidan tarihin sojansu na Dresden a 2011, sun ware sashe ga dabbobin da aka jefa cikin yaƙi, wani kuma ga kayan wasan yara masu siffar makamai. Daga saman ginin kuwa, mai ziyara yana hango birnin da aka yi wa ruwan bama-bamai a watan Fabrairun 1945.